Wa'azi Daga Gonar Citta

A tashar Kafanchan, motar Kachia tana jiran cika. Kaleb, wanda bai daɗe da gama makarantar Baibul ba, yana bitar wa'azinsa na farko a hankali. Dattijuwar da ke gefensa ta ɗan saurara, sannan ta tanka.

"Ɗana, wannan wa'azi ne ko jarrabawa?"

"Wa'azi ne, Mama. Ina bayyana ma'anar wata kalma a Helenanci."

"To, Ubangiji ya taimaki masu ji. Mu ma an ce sabon fasto zai zo mana ran Lahadi, can bayan Kachia. Mu matan zumunta addu'a muke kada a kawo mana mai yawan turanci."

Ikilisiyar da aka tura Kaleb ke nan. Sai ya tambaye ta:

"Na da ɗin yaya yake yi?"

"Baba Kumai? Bai yi karatu kamar ku ba. Amma yakan zo gona mu tona citta tare, yana jin damuwar kowa. Ran Lahadi sai ka ji Littafi yana magana a kan abin da ke cikin gidanka. Shekarar da mijina ya rasu, wa'azinsa ne ya riƙe ni."

"Yaushe za ku shiga gona kuma?"

"Gobe da safe. Me ya sa?"

"Ni ne sabon faston naku, Mama. Ko akwai fartanyar da za ki ara mini?"

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya.

"Akwai. Amma ka bar takalman nan a gida."