Sarƙar da Babu Irinta a Garwa

A rumfar mai gyaran keke cikin kasuwar Garwa na ji wani dattijo da wani saurayi, kowa riƙe da kekensa.

"Ikon Allah! Samari, giyar canjin gudu goma sha biyu a ƙafar baya kaɗai?"

"E, Baba. Duwatsun Mokolo kamar fili nake hawansu. Amma sarƙar ta tsinke, siririya ce, babu irinta sai Duwala. Ga tsere jibi."

"Wannan nawa gadon mahaifina ne. Daga nan har Mora, kowace rumfa akwai sarƙarsa."

"Kowace rumfa? Har yau?"

Saurayin ya durƙusa yana shafa tsohon ƙarfen.

"Baba, yana hawa tudu kuwa?"

"Sosai ma, ɗana. In ka sauka ka tura shi."