Ba Ta Riƙe Haƙarƙari Ba

Ranka ya daɗe Ratu Waisake, uban ƙasa. Talatala Isikeli, fastonmu, da dattawan coci. Shugaban asibitinmu da abokan aiki. Mama Seruwaia, wadda ta haifa mana ita. Peniasi, maigidanta, da Litiana 'yarsu. Sai ku matan da kuka cika bayan rumfa, kowacce da tabonta a ƙarƙashin riga. Ina gaishe ku duka.

Sunana Unaisi, 'yar Nadroga, nas ce ni a ɗakin tiyata. An ce in yi magana a madadinmu yau da Dakta Ateca ta cika dare ɗari da rasuwa. Na so in ƙi, amma akwai amsar da Peniasi yake bina, kuma yau zan ba shi.

Ta kasance likitar sa barci, amma ba barcin ne ya dame ta ba, farkawar ce. Mun san yadda matanmu suke tashi bayan an cire musu mama saboda sankara. Ko dai zafi ya hana su numfashi, ko a ɗura musu magani mai ƙarfi su wuni suna amai, ba su gane 'ya'yansu ba. Ita ta je ta koyo allurar nan da ake yi a gefen ƙashin baya. Tana kallon hoton jijiya a na'ura, ta zuba magani daidai gindinta, sai ɓangaren da aka yanka ya yi shiru, mace kuma ido biyu, har ta nemi shayi.

Ta kasance mai haƙuri da komai ban da kunyarmu. Littafi ya ce a ɗora ƙanƙara a fata a tambayi mara lafiya ko tana jin sanyi, don a san ko allurar ta kama. To, a Fiji wa zai ce wa likita aikinsa bai yi ba? Sai ka ji tsohuwa ta ce, "Yadda kika ce, Dakta." Gumi na karyo mata, tana cizon leɓe, tana cewa, "Ba komai, na gode." Ateca takan fito tana huci: "Unaisi, ladabin nan zai kashe mu!"

Sai ta samo dabara. Mu 'yan Nadroga da mutanen Kadavu, tsibirin su Ateca, tauvu ne, abokan wasa tun kaka da kakanni. Tauvu ya zage ka, ka rama, ba kunya, ba fushi. Mu da dawakinmu ake tsokanar mu. Ranar nan aka kawo wata 'yar garinmu, an yi mata aiki. Ateca ta tsaya a kanta ta ce, "Ke 'yar Nadroga, dokin da ke cinye mana furanni a ƙofa naki ne ko mijinki ne?" Matar ta fashe da dariya, nan take ta kai hannu ta riƙe haƙarƙari. Ateca ta juyo ta ce mini, "Allurar ba ta kama ba. Kawo wata." Daga ranar muka sami ma'auni: baki yakan yi kara, amma hannu ba ya yi.

Ta kasance tauvu ɗin kowa. In an kawo 'yar Lau, kakarta 'yar can ce. In an kawo Ba'indiya daga Labasa, ita ma sai an ƙago dangantaka. Na ce, "Ateca, kakanninki nawa ne?" Ta ce, "Iya adadin gadajen ɗakin nan." Ku matan baya, na ga kuna murmushi. Kun san wace ce ta fara sa ku tari ba tare da kuka ba.

Sai ciwon ya zo mata, a huhu. Aka buɗe ƙirjin wadda ta yi shekaru tana tsare ƙirjin mutane. Dakta Praneel, wanda ita ta koya wa aikin, shi ya yi mata allurar, tana kwance tana yi masa gyara. Da ta ɗan farfaɗo, ta aiki Peniasi Kadavu ya ɗauko mata Mama. Teku ta yi fushi, jirgi bai tashi ba. Kafin su iso zuciyarta ta tsaya.

Peniasi, tun ranar kake bin mu ɗaya-ɗaya da tambaya guda: "Ta sha wuya?" Kowa ya ce maka a'a. Na ga idonka, ba ka yarda ba. Ina za ka yarda, kai da ka zauna da matar da ta san "ba komai" ɗinmu? Litiana ta ce mini ba ka barci. Ni kuma duk lokacin da na buɗe baki sai kuka ya riga ni.

To saurara. Kai ma ɗan Kadavu ne, ni tauvu ɗinka ce, ba na yi maka kara. Da hantsin ranar da ta rasu na shiga wurinta. Na tambaye ta zafi, ta ce ba komai, ita ma, kamar kowa. Sai na ce, "Ku mutanen Kadavu! An aiki mijinki ɗauko tsohuwa, yana can gindin kwano yana shan yaqona, jiƙon saiwar nan da maza ke kwana a kai, sai ya shanye tsibirin zai tuna yana da mata." Ta ce, "Ke da mijinki ke cin ciyawa!" Ta yi dariya, irin tata, mai girgiza gado, har Praneel ya leƙo.

Ni ba fuskarta nake kallo ba. Hannunta nake kallo, yadda ta koya mini. Yana kan bargo, a buɗe, bai motsa ba. Ba ta riƙe haƙarƙari ba, Peniasi. Allurar ta kama.

Mun gode wa duk wanda ya kawo tabarma, da waɗanda suka tsaya a kan murhu tun safe. Mama, mun gode da kika ara mana ita. Ubangiji ya karɓi baiwarsa Ateca inda babu ciwo, ya raya Litiana, ya ba mu hannu irin nata. Peniasi kuma, ya Ubangiji, ka ba shi barci. Amin.