Azumin Rukayya a Saman Teku

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barkanmu da shan ruwa. Malam Sani ne daga Toranke, ƙaramar hukumar Ajingi.

'Yata Rukayya ta samu gurbin ƙaro karatun jinya a Amurka, tafiyar kuma ta faɗo cikin azumin nan. Da za mu rabu na ce mata, "Kada ki ajiye azumi, a zaune za ki yi tafiyar." Ta ce, "To, Baba." Ni iyakar sanina da jirgi shi ne Kano zuwa Jidda, awa huɗu zuwa biyar an sauka.

Ashe daga Legas zuwa can kusan awa goma sha biyu ne, akasari a saman teku. Da azahar suka tashi. Mu nan muka sha ruwa, muka yi asham, ita kuwa rana na nan a tagarta, don yamma suka nufa.

Washegari ta kira, muryarta a dishe. Ta ce, "Baba, rana ƙin faɗuwa ta yi. Sau uku ana kawo min ruwa ina mayarwa, har jiri ya kama ni. Sai bayan mun sauka na sha."

Na ce, "Me ya hana ki sha?"

Ta ce, "Kai ka ce kada in ajiye."

Allah Ya yi wa matafiyi sauƙi, ni na ƙuntata mata bisa rashin sani. Malamai, ina da laifi a wurin Allah? Iyaye kuma, mu riƙa tambaya kafin mu ba da umarni, don yaran nan suna jin maganarmu fiye da yadda muke zato.