Tsakuwar Tela

A ɗakin jiran likita, wani tsoho mai tara duwatsu ya kasa ɗauke ido daga tsakuwar da wani tela ke juyawa a tafinsa.

"Ɗana, ara mini. Na tsufa ina tara duwatsu, ban taɓa ganin irinta ba."

Ya karce ta da farce, sannan ya lasa, kamar yadda ya saba.

"Ba gishiri ba, ba kanwa ba. A wane rafi ka tsince ta?"

"Rafi, Baba? Daga ƙodata likita ya ciro ta! Sai yanzu na san daɗin barci."

Tsohon ya tofar, ya goge harshe da hannun riga. Amma bai saki tsakuwar ba.

"Barka da arziki. Bar mini ita. Ɗaya ƙodar fa, an duba?"