Hannun Wanzamin da Na Karya

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hanne, ɗiyar marigayi Malam Ɗanjuma, daga Sheme.

Bara wani baƙin tabo ya fito wa Babanmu a tafin ƙafa. Baffana ya ce ƙaya ce ta ruɓe a ciki, ya kira wanzami. Ƙarti suka danne tsohon nan a zaure, wanzami ya yanke wurin da aska, ya ɗora jan ƙarfe. Har cikin gida muka ji ihunsa da ƙaurin nama. Tabon ya dawo, ya fashe. Da muka bi sabuwar kwalta zuwa asibiti a Zariya, likita ya ce ciwon dajin fata ne, mun makara. Baba bai ga girbi ba. Allah ya jiƙansa.

Ran kasuwa na tarar da wanzamin nan yana gasa ƙarfe, mata sun danne maƙwabciyarmu Inna Tabawa, ga irin tabon a diddigenta. Na suri taɓarya na karya masa hannu.

Yanzu dattawa sun ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Masu sauraro, ku gaya mani, in durƙusa? Shi an yi masa ɗori, hannunsa zai warke. Babana fa?