Murfin da Mutum Ɗaya Ba Ya Ɗagawa

A shagon katako na garin Skive, wani dattijo yana ta ƙwanƙwasa fallayen ƙarfe kamar mai zaɓen kankana. Matar da ke bayansa ta gaji da jira.

"Dattijo, rufin gida za ka yi?"

"Murfin bayan tirelar kwana ne, 'yar ƙaramar nan mai siffar ɗigon ruwa da ake ja da mota a tafi yawon hutu. Da hannuna na haɗa ta."

"To ka manna tamfol a kan katakon, ka bi shi da fenti. Haka na yi wa tawa. Ba ya yoyo, kuma da hannu ɗaya nake ɗagawa."

"Ta farko da muka yi da marigayiya matata, kwanon rufi muka sa. Kullum da safe a bakin teku tana tallafe da murfin tana zagina, ni ina neman sandar tokarewa. A ƙarƙashin murfin kicin ɗin yake, ba a shan kofi sai an sha zagi."

"Ai yanzu akwai ƙarfen da ke ɗaga shi da kansa."

"Na gani. Komai yanzu an yi shi don kada ka buƙaci kowa."

"Da wannan kafaɗar taka da na ga ta sage, wa zai ɗaga maka?"

"'Yata Gudrun. Ta ce bana ba za ta bi ni bakin teku ba, tunda ina iya komai ni kaɗai."

Matar ta karɓi fallen da ke hannunsa, ta jinjina, ta mayar.

"Wannan za ka iya shi kai kaɗai. Ɗauki na ƙasan, ya fi kauri."