Gawar da Na Je Karɓa a Iskandariyya

'Yan'uwa, alherin Yesu Almasihu shi tabbata a kanku. Ku yi shiru, ba zan maimaita ba.

Mu mutanen garin Abu Na'ama mun san halin kogi. In ya ci mutum, dangi kan zauna a gaɓa har ya amayo shi. Ba a karɓar gaisuwa sai an ga gawa.

Ɗana Yusufu ya bar gonar dawa, ya tafi Masar, ya shiga kwalekwalen Turai. Aka ce ya nitse. Na ce ban ga gawa ba. Na hana matarsa kuka, na hana a shimfiɗa tabarma. Shekaru ina tsare da gidan nan kamar kurkuku. Ba barci, ba addu'a. Na ƙi Allah, 'yan'uwa!

Ɗiyata Maryama da ke aure a Iskandariyya, can Masar, ta kira ni a yi mini aikin ido. Ido na buɗewa na ce ta kai ni bakin bahar, wato teku, na ɗauki farin tob, mayafinmu na mata, don likkafani.

"Inna, wannan ba kogin garinmu ba ne, ba ya mayarwa."

"Rufa mini baki. Kowane ruwa da mai shi."

Wayyo! Ruwa ba tsallake. Samari sai wasa suke da shi, suna hawan igiyar ruwa bisa wasu alluna, su faɗi su tashi. Na zauna na zuba ido.

Can na ga ruwa ya turo wani, kwance rub da ciki bisa allo kamar makara. Na zabura na faɗa ruwa da tob ɗina, na cafke ƙafarsa ina kiran Yusufu. Igiya ta maka ni ƙasa, gishiri ya cika mini ciki. Nan bakina ya buɗe: "Yesu, ka karɓe ni, ko ka karɓe shi daga hannuna!"

Wanda na ɗauka gawa shi ya ɗora ni bisa allon, ya jawo ni gaɓa. Ɗan mutane ne, da ransa. Yana haki ya ce da Larabci, "Uwa, wa kike nema?"

Na ce, "Ba kowa. Yana wurin Ubangijinsa."

Bahar bai ba ni ko takalmin Yusufu ba. Amma na dawo gida na shimfiɗa tabarma da hannuna, na ce wa matarsa, "Yi kukanki." Muka yi tare.

Godiya ga Ubangiji da ya kwance ni. Mai riƙe da wani abu a cikinku, shi sakar wa Yesu. Hannunsa ya kai inda nawa bai kai ba. Amin.